Layi na Uku a Allon Malama

Gaskiya ɗaya ce, da farko ban ƙaunaci Malama ba. Na shiga makarantar koyon aikin jinya a Kafanchan ina taƙama da hadda. Tun a makarantar allo aka san ni da ita. A ba ni shafi goma da yamma, da safe in karanto su har da inda marubucin ya yi tuntuɓe. Malaman shekarar farko sun dace da ni: su tsaya su yi ta karantowa, mu yi ta rubutawa, ranar jarrabawa mu mayar musu da kayansu. Ba wadda ta sha gabana a ajin. Da muka shiga shekara ta biyu aka haɗa mu da wannan mata.

Gajeriya ce, 'yar wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro. Farar rigarta kullum ta sha sitati, amma hannunta hannun mai noma ne. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, mace da namiji duk ɗaya a bakinta, mu 'yan cikin gari mukan ƙunshe dariya. Ba ta shigowa da littafi, sai alli. Ranar farko ta raba allo gida uku. A kan na farko ta rubuta abin da muka gani, a na biyu abin da muke zato, a na uku abin da ba mu sani ba. Ta ƙwanƙwasa na ukun da allinta ta ce, "Wannan shi ne makarantarku. Sauran biyun, ko mai sayar da ƙosai yana da su."

Lokacin ba a daɗe da rikicin da ya raba kan garin ba. Ba wanda ya ce mu yi haka, amma a aji Musulmi wajen taga muke zama, Kirista wajen ƙofa. Malama ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ƙirga mu kawai ta yi, ɗaya zuwa shida, ɗaya zuwa shida, ta ce kowace ta bi lambarta. Haka na faɗa ƙungiya ɗaya da wata doguwa 'yar Gwantu, 'yar manoma, wadda ba ta rabo da dariya. Tun ranar ta laƙaba mini Hajiya, ni da ko tashar jirgin sama ban taɓa gani ba.

Ga yadda take yi. Ranar Litinin ta kai mu gaban gadon mara lafiya mu duba, mu tambaya, mu karanta katinsa. Sai mu shiga wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin mata, mu cika layukan nan uku da kanmu. Duk abin da ya faɗa layi na uku ta raba mana shi, kowace ta je ta nemo, a haɗu ranar Laraba. In ka yi mata tambaya, sai ta miƙo maka da abarka. Wata rana haƙurina ya ƙare na ce, "Malama, in kin san amsa ki faɗa mana mana, jarrabawa na tafe."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ranar da za a kai ki asibitin ƙauye, ba likita, ba waya, ke da mara lafiya kawai, ni zan zo in faɗa miki?"

A raina na ce wannan ai ƙin aiki ne aka sa masa riga.

Da damina ta yi nisa ta kai mu gado na bakwai. Mai jego ce, haihuwar fari, kwana ashirin da 'yan kai. Ba ta girme ni ba. Mijinta fatauci yake yi na citta, gidansu yana bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙafafunta sun kumbura har cinya, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci an tara mata matasan kai huɗu a baya, tana jan numfashi da ƙyar. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza. Ya rubuta mata ƙwayar zuciya da allurar da ke sa fitsari don ruwan jikinta ya ragu, aka rataya kati a kan gadon: babu gishiri. Kowace safiya ana ɗora ta a sikeli. An yi mako guda, maimakon nauyinta ya ragu sai ƙaruwa yake yi. Likita ya faɗa a gabanmu cewa in aka ci gaba a haka ruwan zai cika mata huhu.

Mai jinyarta goggonta ce, wata tsohuwa mai tsafta da kaifin baki. Ita ke goya jaririyar, ita ke wanki, a baranda take shimfiɗa tabarmarta. Ta san kakata a kasuwa, saboda haka tun ranar farko ta ce ni 'yar gida ce.

Ni kuwa ba na son kallon gadon nan, kuma na san dalili. Ina shekara tara mahaifiyata ta rasu a jegon ƙanina. Ta kumbura, numfashi ya gagare ta, ba ta kai arba'in ba. Aka ce ajali, kuma ajalin ne. Ban faɗa wa kowa a makarantar ba.

Muka shiga ɗan ɗakinmu muka cika allo. A layi na biyu kowace ta kawo zatonta. Wata ta ce ko ba ta haɗiye ƙwayar. Wata ta ce ko maganin ya daɗe a ajiye. Wata ta ce ƙoda. 'Yar Gwantu ta ce ko masu dafa abincin asibiti suna mantawa su zuba mata gishiri. A layi na uku tambaya ɗaya ce: me ya hana ruwan nan sauka? Muka juya muka zuba wa Malama ido.

Ta ce, "Kada ku kalle ni. Wannan karon ni ma ban sani ba. Likita ma bai sani ba. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Ban taɓa jin malami ya ce bai sani ba sai ranar. Allah ya yafe mini, a lokacin raguwa ta yi a idona.

Ta raba aiki. Ɗaya ɗakin magani, ɗaya ɗakin gwaji, ɗaya ɗakin girki, biyu laburare. Ni aka ce in sami kujera in zauna kusa da gado na bakwai tun safe har la'asar, in rubuta duk abin da ya shiga bakin matar, ko da ruwan kurkure baki ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na zo ta ɗaya, ni aka mayar mai gadin kwano? Da muka fito 'yar Gwantu ta dafa kafaɗata ta ce, "Hajiya, sannu da samun muƙami." Da ƙyar na hana kaina zaginta.

Ranar Talata na zauna. Wajen ƙarfe bakwai Goggo ta shigo da filas, ta je gida ta damo kunu. Ni na wanke kofi, ni na zuba, ni na tallafe kan mai jegon har ta shanye. Na rubuta: kunu, kofi biyu. Da rana haka, da yamma haka. Goggo tana ta mita a kunnena. Ta ce wane irin asibiti ne wannan, mace ta haihu an hana ta wankan jego, ba tafasasshen ruwa, ba ganyen runhu, ba gadon wuta. Ta rage murya ta ce, "Shi ya sa nake ƙara mata hannu a kunun, 'yar nan, kada sanyi ya shige ta." Na ce Allah ya saka da alheri, Goggo. Har cikin zuciyata na faɗa.

Ranar Laraba da safe kowace ta kawo abin da ta samo. Magani lafiyarsa ƙalau. Ƙwaya tana haɗiyewa, a gaban nas. Ƙoda ba laifi. Masu girki har fushi suka yi, suka nuna tukunyarta daban. Zatonmu duk ya rushe. Na miƙa takardata ina hura hanci. Malama ta bi ta da yatsa layi-layi, sai yatsan ya tsaya.

"Kunu. Kunun me?"

"Kunun kanwa mana, Malama. Mai jego ce fa."

Ashe su duka kunun zaƙi suka ɗauka, irin wanda ake sayarwa a bakin ƙofar asibiti. 'Yar Gwantu ta ce su a wajensu kanwa sai a wake ko miyar kuɓewa, ita ma ɗan mitsitsi. Sai na gyara zama na shiga koya musu. Na ce mu a wajenmu mai jego kwana arba'in take sha, safe da yamma, kuma ba a yi wa kanwar rowa. Tana kawo nono, tana korar sanyi, tana gyara ciki. Wannan ko yarinya ta sani.

Malama ta ce, "To. Kanwa menene shi?"

Na ce, "Kanwa kanwa ce."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗauki alli ta rubuta tambayar a layi na uku. Ta ce, "A ɗakin nan ba wanda ya fi ki kusa da shi. Je ki nemo, ki dawo kafin azahar."

Daga baya na ji cewa ina fita ta wuce wajen sista, babbar nas ta ɗakin mata, ta ce a riƙe filas ɗin Goggo, kada a ba mai jegon ko kurɓi sai an ji daga gare ta. Ta riga ta yi zato. Amma zato ne, shi ya sa ta bar ni in je in tabbatar, ita kuma ta tare ƙofa. Shekara biyu na yi a hannunta, ban taɓa ganin ta koya mana darasi da ran mara lafiya ba.

Littattafanmu na Turawa ne, na buɗe huɗu ban ga kanwa ba. Sai na karɓo ɗan dunƙule wajen masu dafa mana wake, na kai wa wani dattijo da ke haɗa magani a asibitin. Ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "'Yata, ai wannan da gishiri uwa ɗaya uba ɗaya ne. Abin nan na cikin gishiri da ke riƙe ruwa a jiki, sodiyam, shi ne cike a cikinta."

Na san shafin. Tun shekarar farko na haddace shi, har na ci maki a kansa: mai ciwon zuciya a rage masa sodiyam. Yana nan zaune a kaina, kuma jiya da hannuna na ba ta kofi shida.

Da ina da hankali da wajen Malama na koma. Amma zuciya ta ɗebe ni, na nufi ɗakin mata kai tsaye. Na tarar da Goggo tana jayayya da sista a kan filas. Na fizge shi daga tsakaninsu, na ce a gaban marasa lafiya da masu jinya, "Goggo, ke ce kike kashe ta. Wannan kunun naki ne."

Tsohuwar nan ta dube ni daga hula har takalmi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kafin a haife ki nake yi wa mata jego. Uwarki ma da shi aka yi mata. Gobe da safe in mijinta ya zo za mu tafi gida." Ta fita ta fara naɗe tabarmarta. Kowa a ɗakin ya san abin da gida yake nufi: wankan tafasasshen ruwa sau biyu a rana, da kunun, ba allura. Ba za ta yi mako ba.

Na jira Malama ta yi mini wankin babban bargo. Ta dai kira mu shida ɗan ɗakinmu, ta goge allo tas, ta sake raba shi gida uku. Ta ce, "Matsala na farko kun warware, na gaya wa likita ku ne kuka gano. Ga na biyu." Ta nuna ni da alli. "Wannan ke kika haife shi. Me muka gani?"

Mun ga tsohuwa ta yi fushi. Me muke zato? Wata ta ce taurin kai, wata ta ce jahilci. Malama ta rubuta su. Sai ta ce, "Matar da ta bar gidanta tana kwana a baranda cikin ruwan sama, kisa ya kawo ta? Me take tsoro?"

Wannan na sani, domin a irin gidan na tashi. Na ce tana tsoron sanyi, tana tsoron nono ya ƙafe jaririya ta lalace, tana tsoron a ce a hannunta aka yi sakacin jego. 'Yar Gwantu ta yi farat ta ce su matansu kunun acca suke sha da zafinsa, ba kanwa, kuma nono har zuba yake yi. Tana da mudu guda a akwatinta, mamanta ta kawo mata. Wata ta ce a nuna wa Goggo sikeli. Na ce matar da ta tsufa a kasuwa ba ta yarda da sikelin wani, hannunta kawai ta yarda da shi. Ina faɗa sai dabarar ta zo mini. Na ce a ba ta zare ta ɗaura a idon sawun mai jegon da kanta.

Malama ta ce, "To wa zai je?" Duk suka dube ni.

Ba ta bar ni na tafi haka ba. Ta cire rigar sanyinta ta yafa a ka, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce ita ce Goggo, in zo in yi magana. Ka ga babbar malama, tana taɓe baki tana kwaikwayon tsohuwar cikin gari da Hausarta ta kan dutse, sauran har da riƙe ciki. Ni ba dariya a bakina. Na fara da bayanin sodiyam, ta ce, "Na tafi da 'yata." Na fara da likita ya ce, ta ce, "Na kai tasha." Sai a karo na uku, da na fara da ban haƙuri, ta sauke rigar daga kanta ta ce in je.

An yi ruwa, baranda duk ta jiƙe. Na durƙusa a gaban Goggo da farar rigata. Na ce, "Goggo, na yi rashin kunya, ki yafe mini don Allah. Kunun nan ni ma da shi aka rene ni, kuma jiya ni na ba ta. Ga mai lafiya ban ce komai ba. Amma zuciyar wannan ta gaji, kanwa tana tare mata ruwa a jiki. Kwana uku nake roƙo. Ga zare, ki ɗaura da hannunki. In bai yi sako-sako ba, ni zan ɗaukar miki tabarma."

Ta karɓi zaren ta juya shi a hannu. Can ta ce, "Nono fa?"

'Yar Gwantu ta matso ta durƙusa ita ma, ta buɗe ƙullin acca. Goggo ta ɗiba ta murza, ta shinshina. Ta ce, "Abincin mutanen dutse." Sai ta ce ita za ta dama da kanta, ba ta yarda da damun 'yan boko ba. Da na ɗaga kai na hango Malama can bakin ƙofa tana gyara agogon ƙirjinta, kamar ba ta san abin da ake yi ba.

Rana ta farko zare yana nan daram. Ta biyu ma kusan haka, Goggo tana harara ta. Rana ta uku da safe na shigo na tarar da mai jegon tana barci a kan matashi biyu, jaririya a gefenta ta ƙoshi. Goggo ta ɗaga zanen, ta zura yatsa ɗaya a ƙarƙashin zaren, ta ƙara na biyu. Sai ta ce, "'Yar nan, samo wani zaren, wannan ya yi mata yawa." Bayan mako biyu mai jegon ta fita da ƙafarta.

Ranar da aka sallame su ina ɗan ɗakinmu ni kaɗai ina goge allo, Malama ta shigo ɗaukar jakarta. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na gaya mata mahaifiyata. Na ce ita ma haka ta kumbura, ita ma a zaune take barci. Na ce ni ce babba, ni ake aika. Safe da yamma ni nake ɗauko kwanon kunun kanwa daga madafa zuwa ɗakinta, da hannu biyu don kada ya zube. Na ce, "Malama, ni na riƙa kai mata."

Ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta ajiye jaka, ta raba allon gida uku, ta miƙo mini alli.

"Me kika gani?"

Na rubuta kumburi, numfashi, kunu.

"Likita ya duba ta? An ji zuciyarta? An auna jininta, ko fitsarinta?"

Na ce a'a, a gida ta rasu.

"To abin da ya kashe ta, wane layi ne?"

Na kai allin layi na farko, ta girgiza kai. Na tsaya a na biyu, ta ci gaba da jira. Da kaina na matsa na rubuta shi a na uku.

Ta ce, "Bar shi a nan. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, kuma ba wanda za mu aika ya nemo. Kada ki sake ɗauke shi ki kai layi na farko." Ta karɓi allin, ta ƙara abu ɗaya a ƙarƙashin abin da muka gani, tana faɗa tana rubutawa: yarinya 'yar shekara tara ta kai wa uwarta abinci da hannu biyu.

Kukan da ban yi ba tun ina shekara tara, ranar na yi shi, a tsaye, da garin alli a hannuna. Ta tsaya har na gama. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce in wanke fuska, mai gado na huɗu tana jiran a wanke mata gyambo.